Kusurwa ta Huɗu

Gwaji nawa mutum zai yi kafin ya zama sata? Wa ya sani.

Wani maigida ya rantse wa matarsa ba zai sayi injin wanke kafet ba. Sai ya naɗe kafet ɗin falo ya kai shago, wai ya zo zaɓen inji. Ya gwada ƙarami a kusurwa ɗaya, babba a ta biyu, mai tururi a ta uku.

"Yallaɓai, saura inda yara suka zubar da shayi," in ji mai shago. "Ko in ƙarasa maka?"

Maigidan ya dubi kusurwa ta huɗu. In ya ƙarasa, ɓarawo ne. In ya tsaya, ɓarawo ne mai dattin kafet.

"Sa min ƙaramin a kwali," ya ce.