Askin Dabinon Merle

Merle ta dawo daga coci ta tarar an yi wa dabinonta aski ƙwal. Ganyayen da sanyi ya ƙona suna tare a bakin ƙofa, an ɗaure su tsaf, ɗanta Glenn kuwa yana tsaye da almakashin lambu yana jiran a sa masa albarka.

"Wa ya aike ka?"

"Haba Mama, ko sannu babu? Gidan nan ya koma kamar kango. Har maƙwabta sun fara magana."

"Maƙwabta! Su suka dasa shi?"

Dabinon ado ne, gajere, ko tsayin Glenn bai kai ba. A gwangwani ta ɗauko shi daga Townsville mai zafi lokacin da aure ya kawo ta Stanthorpe, garin da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa har hantsi. Kowa ya ce ba zai ga baɗi ba, ga shi ya ga jikokinta. Duk watan Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasar nan, ganyayensa sukan ƙone su yi jawur, ita kuwa ba ta taɓa ko ɗaya sai ɗumi ya dawo sosai. Matattun ganyayen nan su ne bargonsa, su ke kare tohon tsakiya. Dabino kuwa toho ɗaya gare shi tak, in ya tafi shi ke nan. Yaron da aka haifa a garin nan a ce bai san wannan ba! Zaman birnin Brisbane ya cinye masa hankali.

"Itace ne fa, Mama. Zai sake fitowa."

"Kai ne itace. Ba ni hanya."

Ta naɗe kan dabinon da buhuna, ta ƙara da tsohon bargo, tana yi tana masifa. Shi kuwa ya shiga mota ya koma inda ya fito, wai an yi masa rashin godiya. A makon nan sanyi ya sauko da gaske, har ruwan famfo ya ƙi zuwa. Kullum da safe Merle takan leƙa ƙarƙashin buhun. Tohon yana nan kore shar, amma ta san koren nan ba shaida ba ne.

Ranar wata Lahadi a Satumba Glenn ya zo cin abincin rana. Naman rago na gasuwa, Merle ta fita, ta kama tohon da yatsu biyu, ta ja a hankali tana roƙon Allah ya ƙi fitowa. Ya fito sululu. Gindinsa ya yi baƙi, yana yauƙi, yana ɗoyi. Ta tsaya riƙe da shi a hannu.

Glenn ya leƙo ta taga. "Kin gani ko? Da ma can ya mutu. Da kin bari na tumɓuke shi tun ranar."

Ta shiga, ta zuba abinci, ta kwantar da tohon a farantinsa kusa da dankali. Ya yamutse fuska, ya kai hannu zai ɗauke.

"Bar shi nan," in ji ta, tana yanka namanta. "A gidan nan ba a ɗauke abu don ya yi muni."