Inshorar da ta Tsaya a Iyaka

Da safe Mas'uda, matar yayana Uzair, ta kira ni daga Konni ta ce jikinsa ya yi tsanani, yana nemana. Mai hankali kabu-kabu zai hau daga Illela. Ni sai na tsaya wanke sabuwar motata, don in shiga garin kamar wani babban mutum.

A shingen Nijar jandarma ya jujjuya takarduna.

"Baba, wagga inshora iyakarta Najeriya. Ina ta ƙetare?"

"Ɗana, Konni fa. Ga ta can ana hange."

"In ka banke jakin wani, wa za ya biya? Aje motar ka hau babur."

Na ƙi. Na koma Illela neman mai yankar takardar, ban same shi ba sai bayan azahar.

Na isa da takardu cif, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta. Mas'uda ta yi mini magana ta bayan labule.

"Ya yi ta tambayarka, na ce kana hanya."

"Ya ce mi?"

"Ya ce kada a matsa maka, ƙila abin hawa ne ba ka samu ba."