Hayaƙin Babur ɗin Maliki

Da jakin Maliki ya tsufa har ya daina ɗaukar kaya, surukinsa Hamza, wanda ke fataucin albasa tsakanin Sabon Birni da Maradi, ya kawo masa wani tsohon babur mai ƙafa huɗu. Ja ne, kujerarsa ta yage an ɗaure da roba, amma injinsa lafiya lau. Duk ƙauyensu na Kamarawa babu mai irinsa. Maliki ya zagaya shi, ya daddanna tayoyin, ya ce shi dai abin da ya burge shi shi ne ko an sauka ba ya faɗuwa.

Hamza ya durƙusa ya yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce injin wannan ba irin na baburan acaɓa ba ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. Akwai man da ake haɗawa da fetur a jarka, a girgiza sosai, kana a juye a tanki. Ya ba shi gorar man da wani ɗan ƙaramin kofin awo, ya nuna masa layin da za a tsaya. Ya ƙara da cewa a sayi fetur a gidan mai, don na kwalba da ke kwana a rana ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Maliki ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta da kofin nan ba. Shi mutum ne mai sakin hannu. Idan baƙo ya zo gidansa, sai ya ci tuwo har ya roƙi a bar shi haka. Bayan tafiyar Hamza ya gaya wa matarsa Larai cewa yaron kirki ne, sai dai 'yan kasuwa ba su rabo da ƙwauro. Abin da zai ɗauke ka da kayanka, ina dalilin auna masa mai kamar maganin ciwon ido? Larai ta ce ita dai ta ji abin da Hamza ya faɗa. Maliki ya cika kofin har baki, ya juye, ya sake cikawa, ya ɗan ƙara kuma don albarka.

Babur ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Kaji suka watse, Larai ta rufe tukunyarta ta shige ɗaki tana tari. Tun daga ranar, kowa ya san inda Maliki yake. Idan aka hango shuɗin hayaƙi a gabas, ya tafi gonar gero. Idan a yamma ne, yana wajen dawa. Masu zama a gindin darbejiya suka ce sauro ya yi ƙaura daga unguwarsu.

Wanda ya fi jin daɗin abin shi ne Usaini, taubashin Maliki, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna tun suna kiwon awaki. Ya raɗa wa babur ɗin suna Mai Turare. Duk da haka, ranar kasuwar Isa shi ne ya fara zuwa ƙofar gida da buhun gerosa, yana neman a rage masa hanya.

Suka ɗaure buhuna, Usaini ya ɗare baya ya naɗe hanci da rawani. Tafiya ta yi daɗi da fari. Suna gab da shiga Isa sai injin ya fara tari, ya yi kamar zai farfaɗo, ya yi shiru. Maliki ya buga, ya buga, har gumi ya jiƙa masa taguwa. Usaini ya sauka ya zauna a inuwa, ya ce bari ya ba maras lafiya iska.

Daga ƙarshe wani mai amalanken shanu ne ya taimaka. Aka ɗaura igiya, bijimai biyu suka ja babur, Maliki na zaune a kai yana riƙe da kan babur ɗin, fuska a murtuke. Usaini kuwa yana tafe a gefe yana gaida duk wanda suka wuce, don kada wani ya rasa gani.

A bakin kasuwa akwai rumfar Ikramu, mai gyara da sayar da kayan babura. Ya sa sifana ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama. Baƙi ƙirin, mai na ɗiga daga bakinsa. Ya tambayi yadda ake haɗa man. Kafin Maliki ya buɗe baki, Usaini ya ba da labari duka, har da ƙarin da bai faru ba.

Ikramu ya danne dariyarsa. "Baba, wanga inji ya ƙoshi har ya shaƙe. In mai ya yi yawa, wuta ba ta kamawa. In kuma ya yi kaɗan, fistin shi ƙone. Kofin nan dai shi na gaskiya."

Ya zube fulogai a kan benci. Maliki ya duba, ya ɗauki wanda ya fi kowanne tsawo da kauri, ya ce tunda an zo saye, a sayi babba. Ikramu ya ce dogon zai leƙa cikin injin har fistin ya doke shi, gajere kuma ba zai kai ba. Kowane inji da nasa, lambar tana jikin tsohon. Suka goge baƙin da tsumma da ɗan fetur har lambar ta fito, aka nemo ɗan'uwansa. Ƙarami ne, bai kai yatsa ba. Maliki ya juya shi a tafin hannu, ransa bai so ba, amma ya karɓa. Ya sayi na biyu ya jefa a aljihu, don a ce dai ya sayi da yawa.

Aka tsiyaye tankin, aka sayo sabon fetur, Ikramu ya miƙa wa Maliki kofi ya ce ya auna da kansa. Da mai ya kai layi, hannunsa ya ɗan yi gardama. Usaini ya riƙe masa gwiwar hannu. Bugu ɗaya babur ya tashi, da wani ƙaramin hayaƙi da bai kai komai ba.

Suka sayar da gero, suka ci tsire, suka kama hanya tun rana na sama. Da suka iso masussukar bayan gari, Usaini ya fara magiya a ba shi ya taɓa. Ya ce ya yi shekaru yana tuƙa keke, kuma abin da ke da ƙafa huɗu ai ko makaho ya hau.

"Za ni ba ka," in ji Maliki, "amma ka tsaya in nuna maka birki."

Usaini bai tsaya ba. Ya danna totur, babur ya zabura, hularsa ta faɗi. Ya riƙe kan a karkace, ya shiga zagaya masussuka. Duk zagayen da ya kawo shi kusa, sai ya tambayi ina birkin yake, kafin Maliki ya amsa ya riga ya wuce. Mata masu sheƙa suka kwashe ƙorensu suka koma gefe suna kallo. Maliki ya nemi turmi ya zauna, ya gyara riga. Ya san amsar, amma bai ga dalilin gaggawa ba.

Sai da Usaini ya fara kiran sunan kakarsu, sannan Maliki ya ɗaga murya ya ce ya saki totur kawai. Babur ya lafa, ya gangara a hankali ya tsaya a jikin tarin kara. Usaini ya sauko, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Maliki ya ce ya hau baya su ƙarasa. Usaini ya ce shi yau yana sha'awar tafiyar ƙasa, ya bi ta cikin gonaki ya nufi gida.