Fuskar da Muka Bari Sai Ƙarshe

"Tsaya! Mi kaka yi haka, Uzairu? Wa yac ce ka ɗaga ta sama?"

Na sauke kyamarar ina cizon leɓe. Karo na shida ke nan, rana ta take, ga motocin shanu daga bakin kasuwa suna ta ɓata mana sauti. Baba Maccido, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, yana tsaye a ƙofar shagon da muka ara, yana haki.

Ni sana'ata ɗaukar biki da suna. Neman rigima ne kawai ya sa na ce sai na yi fim na 'yan leƙen asiri. Sahabi tela ne ya fito a matsayin ɗan leƙen asirin: yana ɓoye a ɗaki da wata takarda da zai tsallaka iyaka da ita zuwa Kwanni, maigidansa da ya ci wa amana kuma yana tafe. Baba Maccido ne maigidan. Shekara talatin ya yi yana haska fim a wata silima a Sakkwato kafin a rufe ta, don haka ko tari na yi sai ya ce ba haka ake yi ba.

"Ka nuna takalmi ƙarƙashin ƙohwa," in ji shi. "Ka koma ga zuhwan Sahabi. Sannan hannuna bisa mariƙin ƙohwa. Kashe kiɗin ga, a ji agogo kaɗai. Mai kallo in ya ga huska ya huta. Kar ka bari shi huta."

Haushi yake ba ni, amma gaskiya ce. Da na haɗa su a kwamfuta, ni da na ɗauka ma sai da gabana ya faɗi.

Ko kobo bai nema ba. Abu ɗaya ya ce yana so: "Shekara talatin ina haska huskokin mutane ga bango, ba a taɓa haska tawa ba. Ina son jikokina su ganni, babba, sau guda." A ƙarshen fim ƙofa za ta buɗe, fuskarsa ta cika allo.

Ga inda muka yi wauta. Shi haskawa ya sani, daga farko zuwa ƙarshe. Ni kuma ban taɓa ɗaukar kai amarya kafin ɗaurin aure ba. Sai muka riƙa ɗauka bi da bi yadda labari ya jeru, kowace Asabar kaɗan, fuska tana jiran lokacinta.

Kyamarar ce ta tona masa asiri. Mako uku ina kallon ƙafarsa a kwamfuta: da farko takalmi sau-ciki, sai ya take dunduniyar, daga baya ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga sam. Hankalina ya tashi. Na daina zama wuri ɗaya, ina leƙa zaurensa safe da yamma kamar mai neman wuta.

"Baba, mu ɗauki huskar yau mu aje. Minti biyar."

"Ba mu kai nan ba."

"Ana iya ɗauka a liƙa daga baya, wallahi na tambaya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana ganin mutuwa za ni yi?"

Kunya ta kama ni. Na ce a'a. Wannan a'a ɗin ita ce har yau take hana ni sakat.

Muka sa ranar Asabar. Ya ba da farar rigarsa aka wanke aka goge, ya je aka gyara masa gemu. Ranar Alhamis bayan Azahar ina goge kyamara na ji salati ta bayan katanga.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Rana ta shigo ta tagar ɗakin ta sauka a gefen fuskarsa, gemun nan tsaf. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne hasken ya yi daidai. Sai liman ya ja likkafani ya rufe.

Bayan addu'ar uku, 'yarsa Hanifa da ke aure a Kwanni ta yi sallama a gidana, da 'ya'yanta biyu.

"Uzairu, Baba ya ce mamu shina cikin fim. Yara na son su ga kakansu."

Tun kafin ta zo, kwana biyu na yi ina bin duk abin da muka ɗauka, ko ya juyo bisa kuskure. Bai juyo ba ko sau ɗaya, mutumin ya iya aikinsa. Ban faɗa mata ba, sai na kunna musu.

Takalmi a ƙarƙashin ƙofa. Gumin Sahabi. Agogo. Hannu ya sauka a kan mariƙi, ƙofa ta fara buɗewa. Yaran suka matso har numfashinsu na taɓa allon. Sai allon ya yi baƙi.

"Ina sauran?" in ji babbar cikin yaran.

Hanifa ta ce, "Maido baya kaɗan."

Na mayar, na tsayar a kan hannun. Ta ɗora yatsarta a kan zoben azurfarsa, ta bar ta a nan.