Hanyar Mirrihi a Teburin Mai Agogo

Shekara arba'in Baba mai agogo ya yi a ɗan shagonsa da ke jikin na tela, kuma aiki bai taɓa gagararsa ba sai da Auta ta kawo nata. Auta ce ƙaramar 'yarsa, malamar kimiyya a sakandare. Wata uku bayan rasuwar mahaifiyarta ta zo masa da ƙusa biyu da zare. Ta kafa ƙusoshin a katako, ta zarga zaren, ta ja shi da fensir ta zagayo. Abin da ya fito ya fi kama da ƙwai.

Ta ce, "Baba, haka duniyoyi ke zagaya rana. Ita rana tana wajen ƙusa ɗaya, ba a tsakiya ba. In duniya ta matso kusa da ita sai ta ƙara gudu, in ta yi nisa sai ta riƙa jan ƙafa. Ɗalibaina sun kasa ganewa a allo. Za ka iya ƙera min abin da zai nuna musu?"

Ya ce ta ba shi wata biyu. Aikin ya ci shekara uku.

Faifai mai haƙora da ke juyawa bai ɗaya ba komai ba ne a wurinsa. Wahalar ita ce ƙarfen da zai yi sauri ya kuma yi nawa a zagaye guda. Ya yanka tagulla ya zubar, ya sake yankawa. Tela kan leƙo ya ce, "Tsoho, agogon ƙasa ya ƙare ne ka koma gyaran sama?" Baba ya yi dariya ya ci gaba da goge-gogensa.

Saura hanyar Mirrihi, jar duniyar nan, hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Baba bai gaya wa kowa ba. In Auta ta zo sai ya cusa hannun a aljihu. Agogunan mutane kuwa ya riƙa mayar musu, yana cewa babu kayan gyara.

Wata safiya ya ɗauki magagarin goge ƙarfe zai gyara kwarin da jar ƙwallon da ke wakiltar Mirrihi za ta bi. Hannun ya fizge, magagarin ya ci tagullar har ya ɓula. Ya haɗa duk da haka, ya murza mariƙin. Ƙwallon ta taho a hankali, ta fara ƙara gudu kamar yadda ake so, tana isa kusa da rana ta cije.

A haka Auta ta same shi da azahar, hannun a kan tebur yana ta kaɗawa. Ta ajiye kwanon abincin da ta kawo masa.

"Baba, tun yaushe?"

"Ya kusa shekara. Ki gaya wa yaran su ƙara haƙuri."

Ta ce, "Yaran sun gama makaranta tun bara. An kuma sa mana kwamfuta a aji, a nan ake nuna musu komai."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Tun da Mama ta rasu, wannan ne kaɗai ke fito da kai daga ɗaki. Na ji tsoro."

Ya daɗe yana kallonta. Ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai fara.

Ta ce a kai wa wani ya ƙarasa. Ya girgiza kai. "Duk waɗanda za su iya sun riga ni tafiya, 'yar nan."

Ta roƙe shi ya ci abinci, ya ce ya ƙoshi. Ya tattara kayan aikinsa cikin aljihun tebur, ya fito ya ja ƙofa. Sau uku yana kai makulli bakin kwaɗo yana zamewa. Tela ya taso daga kan kekensa, ya karɓa ya kulle masa.

Washegari shagon bai buɗe ba, haka jibi. Da aka kwana bakwai Auta ta zo ta cire allon sunan shagon da ke saman ƙofar.