Bishiyar da ke Jikin Bangon Malam Sulle

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo ku ji ta, ko da yake wannan ba tatsuniya ba ce, a wani gari da ake kira Turawa aka yi ta.

"Wannan kabar ta yi laushi, Laure. Ba ni mai ƙwari, wadda za ta kama laka."

Malam Sulle magini ke nan, zaune a gindin bangon gidansa, da kwaɓin laka a tsohon daro. Tun da ciwon ƙafa ya sauko da shi daga tsani, sai dai a ɗauko shi a ajiye a nan. Laure kuwa tsohuwar maƙwabciyarsa ce, mai saƙar tabarma, shi ya sa kabarta ba ta huta ba. Sai ya shafa laka, ya manna kaba, ya danna da babban yatsa, ya ɗaga, ka ga ganye ya fito har da jijiyoyinsa.

Abin ya tsaya wa Laure a rai. Ta san zanensa a zaurukan mutane har Rogo, dabino a miƙe sak, ganyen dama daidai da na hagu. Wannan kuwa bishiya ce ƙasa-ƙasa mai rassa biyu, ta karkace kamar za ta faɗi.

"Malam, wai idon ne ya tafi ko hannun? Wane irin dabino ne haka?"

"Wa ya ce miki dabino ne? Zauna ki gani."

"Na bar wake a kan wuta."

"Kullum wake! Waken nan naki ba ya dahuwa ne?"

Ba ta zauna ba, Laure ai ba ta zama. Shi kuwa ɗansa Lurwanu tuni ya sayo siminti zai shafe bangon kafin damina, ɗaga wa tsohon ƙafa kawai yake yi.

Wata Laraba ba a fito da shi ba. Ta shiga dubiya, ta tarar murya ta yi ƙasa.

"A shafa wa bangon makuba kafin ruwa ya sauka," in ji shi. "Ke kika iya haɗa ta."

"Sai ka gaya mini ko wace bishiya ce."

"Ai na gaya miki. Ki zauna."

Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa. A ranar Laure ta jiƙa ɓawon ɗorawa a tulu, don da ruwansa ake makubar da ke hana laka zaizayewa.

Bayan sadakar bakwai hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Lurwanu da buhun siminti.

"Inna Laure, laka ce fa. Ruwa ɗaya zai wanke ta."

"Ba ni yau kawai, ɗan nan."

Ta shafe saman bangon da makuba tana tsaye. Da ta zo ƙasa bayanta ya ƙi lanƙwasuwa, dole ta zauna. Ta ɗaga kai don ta duba inda ta tsallake, sai hannunta ya tsaya cak.

Goruba ce. Wadda dā take tsaye a daidai nan, kafin iska ta kayar da ita. A gindinta ita da marigayiya Tani, matar Malam, suka yi ta saƙa tun suna da goyo. Haka take karkacewa, haka rassan biyu ke rufe kan wanda ya zauna. A gefen Laure kuma ya bar wani wuri sumul, bai zana komai ba, daidai faɗin bayan mutum, inda Tani takan zauna.

"Inna, lafiya?"

"Ajiye buhun nan, zo ka zauna."

Ya zauna, ya ɗaga kai.

"Gorubar Iya ce," in ji shi a hankali.

Simintin dai bakin rijiya aka gyara da shi. Lurwanu yana nan a gidan da iyalinsa. Laure ta dawo da saƙarta gindin bangon, tana barin wurin nan sumul a damanta. Kabar ƙarshe da Malam ya manna tana nan cikin laka, ba wanda ya cire ta.