Galmar Baba Barau

Ni fa ban taɓa satar ko allura ba, amma abin da na yi wa Baba Barau gara a ce sata na yi.

Ƙanin mahaifina ne, Bamaguje, sarkin noman ƙauyenmu da ke can bayan Sabuwa. Mahaifina ya musulunta, shi bai musulunta ba, amma da mahaifina ya rasu dawarsa na ci har na kai jami'a a Zariya. Yana da wata galma mai zobban ƙarfe a ƙota, gadon kakanmu. Duk damina ita ke fara tsaga ƙasa ranar gayya, sannan sauran su biyo baya.

A shekarar saba'in da biyar masu shirya fim suka sauka a jami'armu. Wani tsohon gini suka zaɓa, na tubali da azara, wanda ya girmi jami'ar kanta. Suna neman kayan noma na dā, ni kuwa da rawar kai na ce ai gidanmu akwai. Na je na aro galmar, na rantse za ta dawo kafin ruwan fari.

Da aka gama fim, shugaban sashenmu ya yaba galmar, ya ce ta dace da bangon ginin. Ya dafa kafaɗata a gaban mutane. Dafawar nan ce ta kwashe mini hankali, na ce a bar ta, kyauta ce. Baba kuma na aika masa cewa masu fim sun wuce da ita Ikko, ana nan ana bin sawu. Daminar nan da galmar aro ya buɗe gayya, tsoho da shi.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Motar majigi ta zo Faskari ta nuna fim ɗin, mutanenmu suka gane galmar tun daga ƙarar zobbanta. Ba a yi mako biyu ba sai ga Baba a ƙofar ɗakina da sandarsa. Bai zo faɗa ba. Wai so yake ya ga ginin da galmarsa ta yi aiki.

Na yi ta kewaye-kewaye da shi. Na kai shi ɗakin karatu, na kai shi gonar gwaji, ya ce kunyoyinsu sun yi ƙanana. Ƙarshe dai ya tambayi wani mai gadi, mai gadin ya nuna masa da baki.

Muna shiga zauren ya tsaya yana duban bakan gizon rufin, yana yaba magina. Can ya juyo ya gan ta, an shafe ta da mai tana ƙyalli, an kafe ta da ƙusa, kuma kai ƙasa. Ya miƙa yatsa ya taɓa zobe ɗaya. A ƙarƙashinta akwai ɗan allo, an rubuta: Kyautar Malam Maharazu. Sunana ke nan.

"Mi aka rubuta nan?" in ji shi.

Na ce, "Sunanka ne, Baba."

Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai ya yi murmushi har giɓinsa ya fito. Ya ce to in haka ne a bar ta, ai ba kowane manomi ke shiga jami'a ba. Ya sa na kwafa masa rubutun a takarda. Na so in sauya, amma yana tsaye a kaina yana gwada kowace lanƙwasar harafi da ta allon, mutumin da ke gane sawun akuyarsa cikin garke. Haka na kwafa masa sunana, ya naɗe ya sa a hula.

Shekara biyu ban je gida ba, kunya ta hana ni. Da na je, abin da na fara gani shi ne rumbunsa. An yi masa sabon yaɓe, kuma tun yaɓen na ɗanye ya zana rubutun nan da tsinke, manya-manya. A lokacin an buɗe firamare a ƙauyen, har malamin, Malam Gide, yana haya a gidan da ke kallon rumbun.

Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kamen magana. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam Gide ya karanta mani tun bara," ya ce. "Ya ce in goge. Na ce a'a, sunan ɗana ne, dawar da ke ciki ma ai don shi na noma ta."

Ya kira matarsa ya ce a dama mini fura.